Wa Ke Kallon Dajin, Wa Ke Kallon Kibiya?

 Sharhinmu na yau a kan wani abu ne da masu buga gem suke kallo kullum har sun daina ganinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan mai buga wasan bidiyo ya san yadda fuskar talabijin ɗin take kasancewa. A kusurwar ƙasa ga 'yar taswira mai zagaye. A sama ga layin jini, wanda yake raguwa duk lokacin da aka sami ɗan wasa da duka ko harbi. A gefe ga lissafin harsashi, a tsakiya kuma ga kibiya ko wani ɗigo mai ƙyalli, da lamba a ƙarƙashinsa tana cewa saura mita 340. Masu ƙera wasanni suna kiran wannan tarin kaya da haruffa uku na Turanci, HUD, mu kuwa za mu ce da su alamomin allo. A 'yan shekarun nan an samu 'yan wasa da dama da suke shiga saiti su kashe alamomin, suna kuma neman a ba su sunayen wasannin da za su bugu a haka. Wasu na ganin burga ce kawai. Ni ina ganin suna da hujja, amma sai an tace ta. Alamomin nan iri biyu ne: akwai masu gaya maka halin da kake ciki, akwai kuma masu yi maka tunani. Na biyun su ne ɓarayin wasa, kuma wasan da ya cancanci a yi wa mutum tallarsa shi ne wanda idan an kashe su, ƙasar da aka gina a cikinsa za ta iya yi wa ɗan wasa kwatance da bakinta.

Sunan HUD ma aro ne daga jiragen yaƙi. Injiniyoyi sun lura cewa matuƙi yana sunkuyar da kai ya duba agogunan gudu da na tsawo a daidai lokacin da ya fi bukatar kallon gabansa, sai suka ƙirƙiro hanyar haska waɗannan lambobi a jikin gilashin da ke gaban idonsa. Dabara ce mai kyau, kuma har gobe ana amfani da ita. To amma wajen shekarar 1980 masu bincike a cibiyar Ames ta hukumar NASA, a jihar Kalifoniya ta Amurka, sun sa ƙwararrun matuƙa a na'urar koyon tuƙin jirgi, aka ce su sauka da taimakon wannan gilashi. Ba tare da an sanar da su ba, aka gitta wani jirgi a kan titin saukar. Wasu daga cikinsu ba su gan shi ba sam, alhali idonsu a buɗe yake, kuma jirgin yana daidai bayan lambobin da suke karantawa. A 1999 kuma Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi gwajin da ya yi suna a jami'ar Harvard. Aka nuna wa mutane bidiyon matasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ta. Ana cikin haka wata mai shigar goggon biri ta ratso tsakiyarsu, ta tsaya ta bugi ƙirji, ta wuce abinta. Kusan rabin masu kallon ba su san an yi ba. Ido yana iya sauka a kan abu hankali yana wani wurin, kuma hankalin ɗan Adam ba ya rabuwa biyu cikin sauƙi. Duk abin da aka ce masa ya ƙirga ko ya bi, can zai tare.

To a ɗauko wannan a kawo shi kan wasa. Kamfanin Rockstar ya fitar da Red Dead Redemption 2 a 2018 bayan shekaru ana aiki, ɗaruruwan masu zane suna gina Amurka ta shekarar 1899: duwatsu masu ƙanƙara, fadamu masu kada, hazo yana tashi daga kogi da asuba. Sai ɗan wasa ya hau doki ya yi tafiyar minti goma a cikin wannan ƙasa, idonsa kafe a kan wani siririn layi da ke cikin taswirar da ba ta fi murfin kwalba ba. Ya iso inda aka aike shi lafiya lau. Ka kashe taswirar ka ce ya koma inda ya fito, sai ya tsaya yana raba ido, domin bai bi hanya ba, layi ya bi. Ya biya kuɗin daji, an ba shi dajin, ya ƙare da kallon murfin kwalba.

Ba haka abin yake ba tun asali. Wasan Morrowind, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2002, ba shi da kibiyar da ke nuna inda aiki yake. Wanda ya aike ka zai yi maka kwatance, a rubuta maka a littafinka: ka fita gari ta kudu, ka bi bakin kogi, idan ka haye gada ka nemi kogo a gefen dutse. Mu da muka tashi da kwatance mun san wannan ilimi. Wanda aka ce wa ya wuce masallacin Juma'a, ya sha kwana wajen mai shayi, ya nemi gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa, dole ya ɗaga kai ya kalli unguwar, kuma ranar da ya sake zuwa ba ya bukatar tambaya. A 2006 kamfanin ya fitar da Oblivion, ya sa kibiya a kan kamfas, daga nan kusan duk manyan wasanni suka bi sahu. Illar ba ta tsaya kan ɗan wasa ba, ta koma kan masu ƙirar su kansu. Tunda kibiya za ta kai mutum, marubucin labari ya huta da rubuta kwatance, mai gina ƙasa kuma ya huta da tunanin yadda wannan tudu zai bambanta da wancan. A riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Akwai ma abin da masu nazarin ƙwaƙwalwa suka gano. Direban baƙar tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna wajen 25,000, karatun da kan ci shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi, suka tarar ɓangaren baya na wani sashe da ake kira hifokamfus, wanda ke riƙe taswirar wurare a kan mutum, ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana tafiya da yawan shekarun da direba ya yi a kan aiki. A birnin Montreal na Kanada, Greg West da Véronique Bohbot sun wallafa wani bincike a 2017, inda aka sa mutane buga gem na awa 90. Waɗanda ɗabi'arsu ita ce haddace kwana, dama sannan hagu, ba tare da lura da alamomin wuri ba, sashen nan ya ragu a kansu bayan wasannin harbi. Waɗanda aka ba wasannin Super Mario masu sa mutum ya zagaya ya gane wuri da kansa kuwa, an ga ƙaruwa. A 2020 Bohbot da Louisa Dahmani suka gwada direbobi 50, suka ga wanda ya fi dogaro da na'urar nuna hanya shi ya fi rauni wajen tuna wuri idan an bar shi da kansa. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka kada wani ya tashi daga nan ya ce 'yar taswira tana cinye ƙwaƙwalwa. Abin da binciken ya ƙarfafa shi ne abin da kowane ɗan acaɓa ya sani: bin umarni daban, sanin gari daban.

Yanzu bari mu zo kan wasannin da suka ci wannan jarrabawa, don su ne shaidar cewa abin mai yiwuwa ne. Na gaba a wurina shi ne Ghost of Tsushima na kamfanin Sucker Punch, wanda ya fito a 2020, labarin wani jarumin Japan mai suna Jin Sakai a lokacin da Mongol suka afka wa tsibirin Tsushima a 1274. Babu 'yar taswira a kusurwa. Idan ka zaɓi inda za ka, sai ka shafi saman fad ɗinka, wato abin sarrafa wasan, da yatsa, iska ta taso. Ciyawa mai farin kai ta kwanta gefe guda, ganyaye su tashi su bi ta, gefen rigar Jin ya kaɗa, kai kuma ka juya dokinka ka bi inda suka nufa. Kana cikin tafiya sai wani tsuntsu ruwan zinariya ya gitta yana kuka, idan ka bi shi ya kai ka wani wuri da ba ka sani ba. Dila ya fito daga raminsa ya tsaya yana waiwayenka har sai ka biyo shi. Baƙin hayaƙi daga nesa yana nufin akwai garin da ke cikin masifa. Duk labarin da kibiya za ta ba ka an ba ka shi, amma sai ka kalli ƙasar kafin ka karɓa. Wannan tunani yana da kakanni. A Shadow of the Colossus na Fumito Ueda, na 2005, yaro ne da doki da takobi a ƙasar da ba kowa, yana neman ƙattai 16. In yana son sanin hanya sai ya ɗaga takobin a rana, hasken ya tattaru ya nuna sashen da zai nufa. A inuwa dabarar ba ta aiki, sai ya fito sarari. Journey na 2012 ya fi su duka tsumulmular bayani: hamada, da wani dutse mai haske a can ƙarshen gani. Ba wanda ya ce maka can za ka, amma ba wanda ya taɓa rasa gane hakan.

Nintendo ma ta yi nata a 2017 da The Legend of Zelda: Breath of the Wild. A cikin saitinsa akwai zaɓin da ke share komai daga allo in ban da zukatan da ke nuna sauran rai, kuma wasan ba ya rasa komai, domin an riga an zuba bayanin a jikin yaron da kake sarrafawa da kuma ƙasar. In sanyi ya yi yawa za ka ga yana kakkarwa, numfashinsa yana fita fari. In hadari ya haɗu kuma yana ɗauke da takobin ƙarfe, sai ƙarfen ya fara tartsatsi, gargaɗi ke nan cewa tsawa na tafe. Dutse mai aman wuta, da fadar da ke tsakiyar ƙasar, da wasu tagwayen duwatsu da suka tsage biyu, ana hango su daga kusan ko'ina, su ne kamfas ɗinka. Ko hasumiyar da kake hawa don buɗe taswira, surar ƙasa kawai take ba ka. Kai ne za ka tsaya a sama, ka hango abin da ya ja hankalinka, ka sa masa alama da hannunka.

Wasu wasannin kuma ba su jefar da lissafi ba, sun ɗauke shi daga gilashi ne sun maƙala shi a jikin kaya. Dead Space na 2008 shi ne malamin wannan fanni. Injiniya Isaac Clarke yana yawo a cikin wani mataccen jirgin sama jannati, kuma tunda daga bayansa kake kallonsa, sai aka sa layin jininsa ya zama fitila a tsawon ƙashin bayan rigarsa. Tana cike, tana raguwa, tana komawa ja. Yawan harsashi yana haskawa a jikin bindigar. In ya buɗe jakarsa, hoton kayan yana fitowa a iska a gabansa, wasan kuma bai tsaya ba, abin da ke binsa yana nan yana matsowa. Metro 2033, wanda kamfanin 4A Games na birnin Kiyef ya fitar a 2010 daga littafin Dmitry Glukhovsky, ya kai abin wani mataki. Mutane suna zaune a ramukan jirgin ƙasa na Mosko bayan yaƙin nukiliya, kuma duk mai fita sarari sai da takunkumin gas. Kana son sanin sauran mintunan da matatar takunkumin za ta yi? Ɗaga hannu ka duba agogo. In ka manta, numfashinka zai tuna maka: ya fara nauyi, gilashin ya yi gumi, kana jin kanka kana shaƙewa. Tocila ta dushe, sai ka tsaya a cikin duhu kana matsa 'yar na'urar caji da hannu, kana kasa kunne. Babu lambar da za ta iya tsorata mutum kamar wannan numfashin. Far Cry 2 na 2008 ya ba ɗan wasa taswirar takarda da zai buɗe a hannu ko yana tuƙi, bindiga mai tsatsa ta cije ana tsakiyar faɗa, zazzaɓin cizon sauro ya taso masa sai ya nemi ƙwaya. A nan dole in yi ɗan tsokaci: ƙasar Afirka marar suna da aka zana a wasan ba ta da komai sai yaƙi, da lu'ulu'u, da zazzaɓi, irin Afirkar da ake hangowa daga nesa. Ƙirar wasan gwaninta ce, hoton nahiyar kuwa tsohon yayi ne.

To, masu ja da wannan magana suna da abin faɗa, kuma ba duka ne za a ture ba. Na farko zai ce: iskar Tsushima ai kibiya ce aka sa wa riga, fitilar bayan Isaac kuma layin jini ne aka sauya wa mazauni, to me aka yi? Gaskiya ne, bayanin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne inda ido yake a lokacin da ake karɓarsa, kuma gwajin matuƙan nan ya nuna cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai bin iska yana ganin maharban da suka laɓe a gefen hanya, mai bin murfin kwalba sai ya ji kibiya a wuya. Amma mai wannan suka yana da rabin gaskiya, domin ana iya gudun gara a faɗa gidan zago. Da aka sake fitar da Resident Evil 4 a 2023, sai ga fenti rawaya an shafa a kan akwatunan da ake fasawa da tsanin da ake hawa, a ƙauyen da ba a ga mai fenti ba. Haka aka yi wa duwatsun hawa a Final Fantasy VII Rebirth a 2024, aka yi ta muhawara. Masu ƙira suka kare kansu da cewa idan zane ya cika kama da gaske, masu gwada wasa ba sa bambance abin da ake taɓawa da abin ado, sai su maƙale. Uzurin gaskiya ne. Sai dai fenti rawaya yana yi wa ɗan wasa tunani kamar yadda kibiya take yi, ya kuma ƙara da ɓata ƙauyen. Ashe matsar da alama daga gilashi zuwa bango bai isa ba, sai alamar ta zama abin da zai iya kasancewa a wurin ko babu ɗan wasa, kamar hayaƙi, ko sawun dabba, ko hasken wata taga.

Na biyu zai ce masu kashe alamomi suna fakewa da cewa suna son abin ya yi kama da rayuwa, alhali a rayuwa mutum yana jin ciwo, yana jin gajiya, yana jin nauyin aljihunsa, ya san ana tafe a bayansa. Mai riƙe da fad ba ya jin ko ɗaya. Layin jini shi ne madadin jijiya. Wannan suka na karɓe ta gaba ɗaya, kuma ita ce dalilin da ya sa tun farko na raba alamomin gida biyu. Wanda ya kashe layin jini a wasan da bai tanadi wata hanyar nuna rauni ba, bai kusanci gaskiya ba, ya mai da kansa mutumin da ba ya jin zafi ne. A duba Elden Ring na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a watan Fabrairun 2022. Yana nuna maka jininka, da ƙarfinka, da kamfas a sama. Abin da ya hana ka shi ne jerin ayyuka da ɗigon da zai kai ka ƙofar kowane mai bukata. Wani ya gaya maka magana, in ka riƙe ka riƙe. Kafin ya cika mako uku an sayar da kwafi miliyan 12, a ƙarshen shekara kuma ya lashe kambin gwarzon wasa. Wannan ya rushe tsohon zaton kamfanoni cewa jama'a za su gudu idan ba a riƙe musu hannu ba.

Ta uku ita ce sukar da ta fi nauyi a aikace, ita ce kuma batun da na ce a riƙe. Mutum ya ji irin wannan sharhi, ya je ya kashe komai a wasan Skyrim, sai wani a wasan ya ce masa ya je wani kogo ya ɗauko masa takobi, bai faɗi gabas ba bai faɗi yamma ba, domin an rubuta maganar ne da sanin cewa kibiya za ta yi sauran aikin. Nan ba wasa ya ƙaru ba, wahala ce ta ƙaru. Shi ya sa shawarar a kashe alamomi ba ta tafiya ita kaɗai, sai da sunan wasa. Gwajin mai sauƙi ne: kashe 'yar taswira da kibiya na rabin awa. In ka ɓata amma kana samun abin da zai dawo da kai, allon kan hanya, ko dutsen da ka gane, ko maganar wani da ka tuna, to an gina wasan don haka. In ka ɓata kuma ko'ina iri ɗaya ne, mayar da kibiyarka, laifin ba naka ba ne. Kamfanin Ubisoft, wanda aka fi yi wa ba'a kan cika taswira da alamomi, shi kansa ya gane haka. A Assassin's Creed Odyssey na 2018 ya ba da zaɓi biyu tun farkon wasa: ko a sa maka ɗigo, ko a ba ka kwatance, a ce abin yana yankin kaza, kudu da wuri kaza, ka nemo.

Sai maganar lokaci da harshe, wadda ta fi shafar masu sauraronmu. Wanda ke biyan kuɗi a gidan gem, ana jiran ya tashi wani ya zauna, ko wanda ke fafutukar ya ƙarasa kafin a ɗauke wuta ko man janareto ya ƙare, ba shi da rabin awar da zai kashe yana neman gada. Ba zan yi masa gardama ba. Wannan salon na mai natsuwa ne, kuma ba aibi ba ne mutum ya ce yau sauri nake yi. Abin da kawai zan ce shi ne, a irin waɗannan wasanni neman gadar shi ne wasan, wanda ya tsallake shi don ya ga ƙarshen labari ya yi kamar mai haɗiye tsire don ya kai ga tsinke. Harshe kuwa kaifi biyu gare shi. Kwatancen Morrowind dogon Turanci ne, wanda bai iya ba ya shiga uku, kibiya kuwa ba ta bukatar tafinta. Amma iska ma ba ta bukata, haka hasken takobi, haka dutsen Journey, wasan da ake gamawa ba a ji kalma ɗaya ta kowane harshe ba. Mafi kyawun wasannin da ba su da alamomi su ne mafi ƙarancin dogaro da karatu.

Akwai kuma waɗanda alamomin nan su ne ƙofar shigarsu wasa, kuma duk mai yi musu kallon raini ya yi kuskure. Kurma ba ya jin takun abokin gaba, sai an zana masa shi. Fortnite yana da saitin da ke mai da sauti zane a tsakiyar allo. Mai raunin gani ba zai hango tsuntsu ruwan zinariya a cikin ganye ba. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saituna fiye da 60 don masu bukata ta musamman, har makafi sun buga shi daga farko zuwa ƙarshe da taimakon sauti. Mirror's Edge na 2008, wasan gudu da tsalle a kan rufin benaye, ya share allonsa tas amma ya bar ɗigo ɗaya a tsakiya, saboda ido ya sami wurin kamawa kada jiri ya ɗebi mai wasa. Don haka abin da ya dace a nema wurin kamfanoni shi ne kowace alama ta zo da makunninta daban: mai son taswira ba kibiya ya samu, mai son rubutun magana da manyan haruffa ba lissafin harsashi ya samu. Wasan da ya ba ka zaɓi biyu kawai, ko duka ko babu, bai gama aikinsa ba.

Wasannin gasa kuwa ba sa cikin wannan lissafi. Matasan da ke fafatawa a PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty a waya, bayani makaminsu ne, wanda ya kashe taswirarsa ya ba abokin karawarsa kyauta. Maɓallan da suka cika fuskar waya kuma su ne fad ɗin, ba a cire su, sai dai a rage musu duhu a matsar da su gefe. Haka 'yar taswirar da ke ƙasan allo a wasan ƙwallo: ɗan wasan tsakiya na gaske yana waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi, kyamara ba ta ba ka wuyan waiwaye, taswirar ce wuyanka.

Ga iyaye da yayye masu saya wa yara, a lura da harafin da ke jikin kwali. Dead Space, da Metro, da Far Cry 2, da Ghost of Tsushima duk suna ɗauke da harafin M na hukumar tantance wasanni ta Amurka, wato na 'yan shekara 17 zuwa sama, kuma akwai jini da tashin hankali a cikinsu ba kaɗan ba. Journey na kowa ne, Breath of the Wild daga shekara 10, Shadow of the Colossus na matasa. Wanda zai gwada kuma kada ya share allon a tashi ɗaya. Ya fara da 'yar taswira, ita ce ta fi cin ido. Bayan kwana biyu ya cire ɗigon da ke ƙirga masa mita, ya bar kamfas. Layin jini ya zama na ƙarshe, kuma a wasu wasanni akwai saitin da ke ɓoye shi sai faɗa ya tashi ya bayyana. Daren farko zai sha buɗe babbar taswira kusan kowane minti, yana jin kamar an ɗauke masa sanda. Wajen dare na uku zai fara cewa, a'a, wannan bishiyar ai na wuce ta ɗazu, kogin yana hagu.